Littafin da na ƙona

Daren Talata, Tarauni

Barci ya ƙi zuwa. Yau ɗana Nura ya tona mini asiri a rediyo, duk Kano ta ji.

An tambaye shi inda ya koyi waƙa. Ya ce a garejin Gyaɗi-Gyaɗi, wurin yaran nan masu yagaggen wando da ke dukan jarka suna ihu a fasasshiyar lasifika. Wai su suka koya masa faɗin gaskiya ko murya ba daɗi. To, na ji. Sai ya ƙara da dariya: "Har Umma ta ƙona mini littafin waƙoƙina."

Dariya fa! Maƙwabciyata Ladi ta leƙo ta katanga: "Maman Nura, yau kin yi suna."

Ita ce ta duba littafin a lokacin, ta ce zagin manya ne da zancen ƙwaya. Ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya karantawa ba. Tsoro ya kama ni kada a kama mini ɗa, na cusa littafin a murhu.

Shafi ɗaya ya tsira, na ɓoye a akwati. Sai da na yi shekara biyu a makarantar yaƙi da jahilci na iya karanta shi. Ashe waƙa ce a kan hannuwana da man ƙosai ya ƙona.

Ina jin haushinsa, ina jin na Ladi, amma na kaina ya fi.

Gobe zan hau adaidaita in same shi. Zan karanta masa shafin da bakina, in ga ko zai sake dariya.