Kabarin Baba a Tsibirin Lucero

Punta Icaco

Ƙanena Cipriano,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Maribel da yara kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba. Jikin Baba ya yi tsanani, ko romon kifi da kwakwa ba ya iya sha. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Eufemia, in ta Allah ta kasance, kusa da uwarku za ku sa ni."

Da safe Kawu Hilario ya ɗauke ni a kwalekwalensa mu je Tsibirin Lucero in share wurin. Ba mu kai gaɓa ba jirgin masu gadi ya tare mu. Wai tsibirin ya shiga gandun teku na gwamnati, ba mai taka shi. Na ce, "Kai yaro, uwata ce kwance a can!" Ya ce shi umarni aka ba shi.

Wa ya hana mutanen garin nan kwasar ƙwan kunkuru tun gwamnati ba ta san hanyar nan ba? Ba Baba ba ne? Kai kake aiki a ma'aikatar da ke kula da gandun, sai ka yi magana.

Yayarka,
Eufemia

Tegucigalpa

Yaya Eufemia,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na ga saƙonki, hankalina kuma ya tashi. Ki ce wa Baba ina nan tafe da zarar an kammala taron ƙaddamar da gandun.

Na samu shugabana da maganar. Ya tausaya ƙwarai, amma ya ce masu bincike da kamfanin da ke da lasisi kaɗai doka ta yarda su sauka. Yaya, ki fahimce ni. Shekaru muka yi muna fama kafin a sa hannu a dokar nan. Manyan jiragen da ke kwashe kifi da jatan lande sun ja baya, kunkuru sun fara dawowa. In aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe kowa zai kawo nasa uzurin. Maƙabartar coci ma wuri ne mai kyau, ni zan ɗauki nauyin komai.

Ki gaida Kawu. Allah ya ba Baba sauƙi.

Ƙanenki mai biyayya,
Cipriano

Punta Icaco

Cipriano,

Ina gaishe ka don haka aka koya mana. Baba ya rasu ran Laraba da hantsi. Bai ga takardarka ba, ban karanta masa ba, don ba na so ya tafi da ita a ransa. Har ƙarshe yana tambaya ko motar birni ta iso.

Bari in ba ka labarin kamfaninku mai lasisi. Ranar da muke wanke gawar ubanka, jirginsu ya wuce ta gabanmu cike da 'yan yawon buɗe ido, kiɗa na tashi. Delfina da ke yi musu girki ta ce a ƙarƙashin itacen da ke kan kabarin Mama suke kafa teburi, saboda inuwa. Har wani ya rataya jiƙaƙƙen wandonsa a kan gicciyen! Su ƙafarsu ba ta fasa ƙwan kunkuru, sai tamu?

Ba mu ƙi gandu ba. Mu muka roƙa a yi shi, kai ma ka sani. Ba mu dai roƙa a kore mu da matattunmu ba.

Ran Asabar za mu kai shi, da rana tsaka, kowa na gani. Na ba direban motar birni wannan takarda ya damƙa maka hannu da hannu, kada ka ce ba ka ji ba.

Eufemia

Punta Icaco

Ƙanena,

Gaisuwa. Mun binne Baba kusa da Mama.

Duk kwalekwalen garin ne suka fito. Masu gadi suka gitta jirginsu a mashiga, sai muka dira cikin ruwa, ya kai mana ƙirji, muka ɗora akwatin a kafaɗa, tsofaffin mata na waƙa a bayanmu. Kawu ya shige gaba yana nuna mana inda za mu taka, ko rami ɗaya na kunkuru ba mu taɓa ba. Gefen da ya kamata ka riƙe, ni na riƙe. Da muka dawo masu gadin suka ƙwace kwalekwalen Kawu, wai shi ne jagora.

Furannin da ma'aikatarku ta aiko sun iso, da rubutu wai Baba gwarzon teku ne. Awakin Delfina sun ji daɗinsu.

In za ka zo addu'ar kwana tara, ka biya ta wurin masu gadi ka karɓo wa Kawu kwalekwalensa. In ba za ka iya ba, yi zamanka. Ka gaida Maribel da yara.

Yayarka,
Eufemia