Makullin Motar Mama

Luanshya

Nkandu 'yata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Wayar da kika aiko tana nan cikin kwalinta, ni dai takarda na iya, sai ki haƙura da ni.

Motar nan ta Japan da kika saya wa uwarki ta ishe ni. In na buɗe ta ban shiga da wuri ba, sai ta kulle kanta. Shekaranjiya na jingina da ita ina ɗaure takalmi, ta kama ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga, ni da motar gidana na koma ɓarawo. Na danna duk abin da ake dannawa a jikin makullin, ita ko a jikinta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tun bayan makokin uwarki, duk ran Alhamis da la'asar, tana ajiye ƙarƙashin mangwaro, makulli yana aljihuna, sai ta yi tsit-tsit sau biyu, ƙofofi su buɗe. Jim kaɗan ta sake kullewa, kamar wanda ya zo bakin ƙofa ya fasa shiga. Kin dai san halin uwarki. In ta dawo daga zumuntar mata ta coci ran Alhamis, tun daga bakin titi take danna nata makullin don in san ta iso in ɗora ruwan shayi. Ban ce komai ba, labari kawai nake ba ki.

Naki,
Tata

Lusaka

Tata,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wasiƙarka ta hana ni sukuni. Mota ba ta buɗe kanta, Tata. Ko dai kai kake danna makullin a aljihu ba ka sani ba, ko wutarta ce ta lalace. Na tura maka mai gyara, don Allah kar ka kore shi.

Zan faɗa maka gaskiya. Na yi magana da wata likita a wurin aikinmu, ta ce zaman kaɗaici yana sa tsoho ya fara jin abin da babu. Idan mai gyara bai ga komai ba, ƙarshen wata zan zo mu sayar da motar, mu rufe gidan, ka dawo wurinmu. Na riga na gyara maka ɗaki.

'Yarka,
Nkandu

Luanshya

Nkandu,

Na gaishe ki. Mai gyaran da kika turo ya zo, ya kwance rabin motar, ya cinye tuwon masarata da kifi, ya ce lafiyarta ƙalau. To ashe ni ne marar lafiyar ke nan.

Ran Alhamis na ajiye makullin a kan tebur, na zauna a baranda hannuwana a kan gwiwa kamar ɗan makaranta. Ta yi. Da kunnena na ji, da idona na ga fitilunta sun ƙifta. Ki gaya wa likitarki.

Ba zan bar gidan nan ba. A nan na auro uwarki, a nan aka fitar da kujeru waje mutane suka kwana mana makoki. Yanzu kowa ya watse. Ko innarki Mwaba, ƙanwar uwarki da ke bayan layinmu, tun ranar rabon kaya ba ta tako ba. Ina cin abinci a tsaye don teburin ya yi mini girma. Duk mako wannan ƙarar kaɗai nake jira, ke kuma kina so ki sayar da ita. Na fara ɗora ruwan shayi, in kina son ki ƙara wannan cikin abin da za ki kai wa likita.

Tata

Luanshya

Nkandu ɗiyata,

Ina gaisuwa, ya yara. Na samu saƙonki cewa in je in duba ko kan babanki ya taɓu. Kansa ƙalau, nawa ne da sauran magana.

Kin tuna ranar da dangi suka raba kayan Yaya, aka ba ni baƙar jakarta ta coci. Ban taɓa zazzage ta ba, zuciyata ba ta iya ba, Littafina Mai Tsarki kawai nake sakawa a ciki. Jiya da na karanta takardarki na ga zancen motar da ran Alhamis, na laluba jakar, sai ga makullin motar a ƙaramin aljihun ciki, tare da alewarta ta tari.

Duk Alhamis in na taso daga zumunta ta ƙofarku nake bi. Ba na shiga. Kin san bakin mutanenmu, da can in mace ta mutu ƙanwarta ake ba mijin, har an fara yi mini wannan tsokanar a kasuwa. Sai in ƙara sauri in matse jakar a ƙirjina don kar in yi kuka a titi. Ashe Littafin ne yake danne makullin. Ina jin ƙarar kuwa, na ɗauka babanki ne yake gaishe ni daga ciki.

Yau na kai masa. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "To, madalla." Ko zama bai ce in yi ba. Na ga kofi biyu a kan tebur. Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna.

Innarki,
Mwaba

Luanshya

Nkandu,

Gaisuwa. Kin ji dai hankalina ɗaya, sai ki ba yara ɗakin. Motar ma ta shiryu, ba ta ƙara buɗe kanta ba.

Jiya Alhamis. Na jira har rana ta faɗi, sannan na ɗauko makullin uwarki na danna. Ta yi tsit-tsit yadda ta saba, amma na san ni ne.

Gobe zan mayar wa Mwaba, ai cikin rabonta yake. Ki ce mata ta mayar da shi aljihun da ta same shi. Ba sai ta shigo ba.

Naki,
Tata