Na kife taswira, kawuna yana ta haƙa a kudu

Tanti Biba, don Allah ki agaza mini, kwana huɗu ke nan zama ya gagare ni. In zauna in tashi, in buɗe ordinatar, wato kwamfuta, in rufe.

Ni malamar lissafi ce a wani lise, makarantar sakandare, a nan Agadas, amma mahaifiyata 'yar Tabelot ce. Kin san bana. Ruwa ya ƙi, rijiyar garkar kawuna Alkasum, wato lambunsa, ta ƙafe, albasa ta mutu a tsaye. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, sai na ce bari karatuna ya yi masa rana.

Na samo lambobin da tauraron ɗan Adam ya auna, kowace lamba tsayin wani wuri ce a kwarinsu. Na jera su layi-layi cikin jeri guda, na rubuta wa ordinatar yadda zai haɗa ɗigo uku-uku su ba da ƙananan alwatika, suna bin juna a zirin da ya ratsa daga gabas zuwa yamma. Ziri kan ziri, kamar masaƙi yana haɗa gwado, sai ga duwatsu da kori, wato busasshen rafinsu, sun tashi a allo, ina juya su yadda na so. Tanti, na yi alfahari, ba zan ɓoye ba. Na ga wani kwari a kudancin kori inda gangaren duka ke taruwa. Zuwa Tabelot yanzu sai da takardar sojoji da rakiya, na nema sau biyu aka ce in dawo. Sai na buga hoton na ba wani mai motar albasa ya kai wa kawu.

Kawu ya aiko cewa shi idonsa arewa yake ba shi. Na nace, har na ce masa tauraro ya fi ido. Ya bi maganata. Mako uku shi da maƙwabta biyar suna haƙa, sun kai gaba bakwai, dutse kawai.

Ranar Talata ina sake duba hoton sai na ga tsaunin da ke bayan gidan kakata ya koma gaban gidan. Ashe lambobin daga arewa suke farawa, ni kuma na fara jera zirin daga kudu. Taswirar gaba ɗaya a kife take. Kwarin yana arewa, inda ya faɗa.

Na gyara cikin minti biyu, amma na kasa ɗaukar waya in kira kawu. Ya yi ta nuna hoton nan a masallaci yana cewa aikin 'yarsa ne. Wata zuciyar tana ce mini in yi shiru, ƙila su dace da ruwa a can. Ina jin kunya, ina jin tsoro. Me zan yi?

Wadda ta kasa zama, Agadas

Amsa:

'Yata, ajiye jaridar nan ki kira shi, kya ƙarasa karantawa daga baya.

Na gane kunyarki. Mace ta fito da aikin da ba a saba gani ba, ta san akwai masu jiran ta yi tuntuɓe. Niyyarki kuma mai kyau ce, hanya ma ba ke kika rufe ta ba. Amma kuskuren jeri na gaggawa ne, shirun kwana huɗu naki ne. Kowace safiya maza shida suna shiga rami a shekarar yunwa, da ƙarfin da ba su da na biyunsa.

Ki faɗa masa kai tsaye, ban da dogon bayanin alwatika: na kife hoton, kai ne da gaskiya. Zai yi faɗa, ki saurara har ya gama. Maƙwabtan kuwa ki roƙe shi ya bar ki ki ba su haƙuri da bakinki, kada ya ɗauki wannan shi kaɗai.

Kada ki jefar da aikin. Nan gaba ki fara neman wani dutse da kika sani a hoton kafin ki yarda da sauran. Kuma ki tuna taswirarki saman ƙasa take nunawa, ba ta ga ruwa ba. Ko a arewan, shi zai zaɓi inda za a sa diga.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa a kanki, Ya ba su laima tun ƙarfinsu bai ƙare ba.

Tanti Biba