Gwajina Ya Saɓa wa Maganar Farfesa

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Ni ɗalibar bincike ce a ɗakin gwaje-gwaje, kuma alhamdulillahi ina jin daɗin aikina. Ƙwayoyin halitta nake kiwo a ƙananan farantai, ina ciyar da su ina canza musu ruwa, har maigidana yana tsokanata wai 'ya'yana sun haura miliyan amma ba mai gaishe shi.

Ƙwayoyin kashi biyu ne: na farko yadda Allah ya yi su, na biyu mun cire musu ƙwayar gado guda ɗaya, wato ɗaya daga cikin umarnin da ke tafiyar da aikinsu. Ina ɗiga musu wani sinadari da ake sawa a robobi, in duba waɗanne ƙwayoyin gado suka farka, waɗanne suka yi shiru. Shekara tara Farfesanmu yana cewa ta hanyar wannan da muka cire kaɗai sinadarin yake aiki. Da haka ne, da kashi na biyu ko motsi ba za su yi ba. Anti, sun motsa, wajen rabin yadda na farko suka yi. Sau huɗu ina maimaitawa.

Bawan Allahn nan ya riƙe ni kamar 'yarsa. Da na haihu, shi ya riƙa kula da farantaina wata biyu. Baɗi zai yi ritaya. Abokiyar aikina ta ce in ajiye sakamakon a durowa sai ya tafi. Wallahi kunyarsa nake ji.

Mai kiwon ƙwayoyi

'Yata, kunyar da kike ji tarbiyya ce, abokiyarki ma tausayinsa ta ji. Amma ɓoyewar ba mutunta shi ba ce, kuma a robobin nan mutane ke zuba abinci.

Ki fara tabbatar da cewa ƙwayar gadon ta ciru gaba ɗaya, sannan ki sa wani ya maimaita gwajin da sababbin ƙwayoyi. In abin bai canza ba, ki same shi a ofis shi kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba. Ki fara da gaskiyarsa: da kuka cire ta, rabin tasirin ya ɓace, ashe yana kan hanya. Sai ki nemi ya taya ki gano ta ina sauran rabin yake bi. Ki je a makon nan, tun yana da lokacin yin aikin tare da ke.

Allah ya ba ki sa'a, ya raya jaririnki.