Awon da Ba Nawa Ba

Laraba, 3 ga Satumba, 2025

Na'urar awon hawan jinin ta iso. Direban motar Abuja ya kira, na je tasha na karɓo ta cikin kwali. 'Yata Jennifer ce ta aiko, kuma ita ta koya min ta waya, tana magana a hankali kamar da ɗan aji ɗaya. Ni Elias, da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa manoma awon taki.

A ɗaura a damtsen hagu, a danna maɓalli ɗaya. Lambar za ta shiga wayata, daga nan ta wuce tata a Abuja. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja kuwa matsala. Ta ce, "Ka zauna minti biyar kafin ka auna, Baba, kuma kada ka yi magana da kowa."

Da wa zan yi? Tun da Dinatu ta rasu shekara biyu ke nan, kaji kawai nake wa faɗa a gidan nan.

Kafin ta ajiye ta ce, "Yanzu ba sai na riƙa damunka da tambaya ba." Na ce to.

Lahadi, 7 ga Satumba

128 bisa 80. Kore. Ta turo hoton babban yatsa.

An tashi daga coci, kowa ya gaishe ni a bakin ƙofa, kowa ya ce sai ya zo. Da Dinatu na nan da tuni matan zumunta sun cika barandar nan da surutu da ɓawon gyaɗa. Ashe wurinta suke zuwa, ni kujera ce kawai a gidan.

Laraba, 10 ga Satumba

Kore. Yatsa.

Asabar, 13 ga Satumba

Kwana goma ban ji muryarta ba. Da can duk Laraba da Lahadi takan kira ta tambayi ciwon kai, in ce babu, daga nan mu shiga zancen yaranta da tsadar doya. Yanzu wannan akwatin ya amsa tambayar tun kafin a yi ta. Ban ce ta yi laifi ba. Aiki ya yi mata yawa. Amma raina ya ɓaci, na rubuta don in san na faɗa.

Litinin, 15 ga Satumba

A baranda na yi awo yau saboda sabis ya fi kamawa a nan. Sai ga Abbo zai wuce. Shi ne direban ofishinmu a da, ya kai ni Iware ya fi sau ɗari, gidansa na bayan nawa, amma rabon da ya zauna a nan tun zaman makoki.

Ya gaishe ni da Fulatanci, da sunan da yake kirana: "Jam na, Malam Iliya? Wannan kuma wane rediyo ne ka ɗaura a hannu?"

Na yi masa bayani. Bai ma tambaya ba, ya ja kujera ya naɗe hannun riga. To a unguwar nan wa ke hana maƙwabci? Injin feshina ya zaga gida bakwai kafin ya mutu. Na ɗaura masa. 176 bisa 104, ja kamar manja. Ya yi dariya ya ce jinin Fulani ne, ba ya son zama wuri ɗaya. Ya sha shayi, ya ba ni labarin ranar da motarmu ta maƙale a laka a hanyar Kona, ya tafi.

Bai kai ƙofa ba wayata ta yi ƙara. Jennifer.

"Baba, me ka ci? Ka sha magani kuwa? Kana jiri?"

Na buɗe baki zan ce ba nawa ba ne. Wallahi na buɗe. Sai ta ce, "Tsaya, bari in fita daga ofis mu yi magana sosai." Minti ashirin da shida. Har ta ba ni labarin haƙorin ƙaramin ya fita.

Gobe zan faɗa mata.

Talata, 16 ga Satumba

Ban faɗa ba. Abbo ya dawo da ƙosai a leda. 181.

Juma'a, 19 ga Satumba

Abin ya zama tsari. Ƙarfe takwas Abbo ya shigo, mu sha shayi, ya miƙa hannu. Ni na daina auna nawa ma, don in kore ya biyo bayan ja za ta gane. Shi ya ɗauka wasa ne, yana cewa yau nawa na ci, kamar mai duba sakamakon ƙwallo. Ina rage ƙarar waya har ya tafi, sannan in ɗaga.

Ta hana ni gishiri, ta hana ni kilishi, ta hana ni ɗaga jarka. Ina ta cewa to. Yau har ta ce min, "Kai kaɗai ka rage min fa." Na yi shekaru ban ji irin wannan daga bakinta ba. Na ji daɗi, kunya kuma ta biyo baya kamar wari.

Litinin, 22 ga Satumba

Ta ce ta nuna wa wata likita ƙawarta lambobin. Wai irin wannan shi ke kayar da mutum yana tsaye, ya wayi gari rabin jiki ba ya motsi. Lallai in je asibiti cikin satin nan. Na ce Alhamis.

Da ta ajiye na sake duba jajayen lambobin. Duk abin da ta lissafa, Abbo ake nufi.

Talata, 23 ga Satumba

Na ce masa, "Abbo, ya kamata ka ga likita fa."

Ya ce, "Kay! Mutum yana tafiya da ƙafarsa ya kai kansa a nemo masa ciwo? Ina tauna tafarnuwa."

Na ce to. Sau ɗaya na faɗa, da murya irin ta wanda ke fatan kada a ji. Na san Abbo. Da na ɗaure fuska na ce tashi mu tafi, da ya tashi, don har yau Oga nake a wurinsa in na so. Amma in ya fara shan magani jan zai koma kore. Ba sai na ƙarasa wannan ba, ni da littafin nan mun san sauran.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na ce mata layi ya yi yawa a asibiti, sun ce in koma. Ƙarya ta biyu. Ko ta goma, na daina ƙirga.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ruwa tun safe, ban je coci ba. Abbo ma bai zo ba. Ba awo, sai ta kira ta tambayi dalilin da babu awo. Ko ta ina ni ke ci.

Na tsaya gaban hoton Dinatu ina goge ƙura. Da tana nan da ta ce, Elias, tsufa ne ko rashin ta ido? Na juya shi ya kalli bango, zuwa can kuma na ji tsoro na mayar.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Abbo ya shigo yana dafe da ƙeya. Ya ce tun jiya kansa kamar an ɗora masa buhun masara, idonsa kuma yana ganin abu bibbiyu. Bai taɓa shayin ba. Na ɗaura masa. 208 bisa 121. Na'urar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba.

Ban kai ga rage ƙarar waya ba ta kira. Na ɗaga a rikice, kuma ni kullum a lasifika nake sa ta saboda kunnena. Kuka take yi.

"Baba, kada ka tashi! Kada ka motsa daga inda kake! Ɗari biyu da takwas, Baba! Zan nemo wanda zai zo ya ɗauke ka, ni ma ina hanya, don Allah kada ka mutu ka bar ni."

Abbo na zaune, abin yana ɗaure a damtsensa. Ya dubi lambar, ya dubi wayar, ya dube ni.

"Malam Iliya, wannan yarinya, hannuna ne take wa kuka?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sha faɗa wa yara. Na ce, "Jennifer, ba nawa ba ne. Na Baba Abbo ne. Duk jajayen nan nasa ne, tun ranar farko."

Na ji numfashinta. Sannan da wata murya busasshiya ta ce, "Ka kai shi asibiti yanzu. Yanzu." Ta kashe.

Wannan karon na ɗaure fuska. Ya tashi. A cikin keke, da muka kusa asibiti, ya ce min, "Ashe tana faɗa maka abin yana kisa." Ba tambaya ba ce.

Likitan yaro ne, sa'an Jennifer. Ya tambayi tun yaushe jinin yake haka, Abbo ya ce bai sani ba. Ni na sani. Na miƙa masa wayata. Ya ja da yatsa, ya ja, ja bayan ja, kwana goma sha bakwai, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Ya ce wannan bayani ya taimaka ƙwarai. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, kuna ganin wannan kullum?"

Na ce e.

Ya miƙo min wayata. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Sun kwantar da shi. Jiya da la'asar hannun hagu ya saki, baki ya ɗan karkace. Likita ya ce ƙarami ne, an tare shi, da gashi da motsa jiki zai iya dawowa. Zai iya. Bai ce zai dawo ba.

'Yarsa Rauda ta durƙusa tana min godiya, wai ba don na'urata ba da a gida zai faɗi. Abbo na kwance yana jinta, bai gyara mata ba. Na fito waje na zauna a kan benci.

Asabar, 4 ga Oktoba

Jennifer ta kira. Ban taɓa jin ta haka ba. Ta ce sati biyu ba ta barcin kirki, ta nemi hutu a ofis, har ta fara gyara min ɗaki. Ta ce akwai maɓalli na baƙo a gefen na'urar, da na tambaya da ta nuna min.

Ta ce, "Me ya sa, Baba?"

Na ce, "Kin daina kira."

"Kai wayarka ba ta kira ne?"

Na ce ni ne babba. Yaro ke neman babba, haka muka taso, ubana bai taɓa taka ƙafa ya zo gaishe ni ba. Ta ce, "To. Baba Abbo ya biya maka kuɗin girman." Ta kashe.

Yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na auna nawa. 131 bisa 82. Kore. Ko yatsan ma babu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kore. Na dafa shayi kofi biyu da ƙarfe takwas, sai da na zuba na tuna.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An sallami Abbo jiya. Na zagaya gidansa da na'urar a leda, na tsaya a ƙofa kamar mai neman aiki. Yana kan tabarma, hannun na kan cinya. Na gaishe shi, ya amsa. Na fara magana, na ce Abbo, ni fa... Ya ɗaga hannun mai lafiya.

"Bari, Oga. Ni ma ba don rediyon naka nake zuwa ba. Gidan nan da rana ba kowa."

Ban san inda zan sa idona ba. Na nemo maɓallin baƙon, na danna, na ɗaura masa a dama. 148. Ya ce, "Na faɗi jarrabawa ke nan." Bakin bai bar dariyar ta fita daidai ba.

Rauda ta ce in riƙa zuwa da safe ina matsa masa yatsun, ita tana makaranta. Na ce zan duba. Ƙarfe takwas ta ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba

129 bisa 79.

Bayan coci na zauna ina duba lambobin waya, ina share na matattu. Yatsana ya taɓa sunan Jennifer. Kuskure ne, wayoyin nan ba su da kunya. Na ga tana shiga, da na so da na kashe.

Bugu ɗaya ta ɗaga. "Baba? Me ya faru? Na ga kore ne. Baba Abbo ne?"

Na ce ba komai.

"Ba komai?"

Na ce ba komai, kawai dai. Na ce an yi ruwa jiya, sabuwar doya ta sauko a kasuwa. Na duba wayar ko ta yanke. Sai na ji tana jan hanci, ta ce, "Nawa ake sayar da kwaryar doya yanzu?"

Na faɗa mata. Ta ce tsada. Na ce ai ba ki ga na bara ba.

Minti tara. Ba ta tambayi ko na sha magani ba. Da za mu rabu ta ce sai yaushe, na ce wataƙila Laraba, in na samu lokaci.