Allunan da Aka Dafa wa Baƙi Shinkafa da Su

Zuwa ga Shugaban Sashen Zane da Ƙere-ƙere na kwalejinmu, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Falmata Bukar, ɗalibarka ta ajin ƙarshe, wadda ma'aikatan ofishinka suke kira "mai tukwane". Na rubuta maka a fili, zan kuma manna a allon sanarwa, domin na gaji da zaman bencin ƙofar ofishinka. Duk zuwan da na yi, ko a ce kana taro, ko a ce ka fita, ko ka leƙo ka ce in dawo gobe. Na yi da Hausa ne don masu gadi da masu shara da mai dafa abinci su ji da kunnensu, kada wani ya je ya ce musu ƙararsu na kai.

Na farko, yadda aikin ya faro.

Ka fi ni sanin cewa tun shigowarmu wannan sashe injin buga zane bai taɓa juyawa ba. Yana can lungu a lulluɓe da leda, har mage ta haihu a ƙarƙashinsa. Tawadar bugu kuwa ta daskare a gwangwani, ko da ƙusa ba a iya kankaro ta. Da lokacin aikin kammala karatu ya zo, Malam Goni mai koya mana bugun zane ya ce kada mu zauna jiran kaya daga Legas, hanya ba ta da tabbas, kowa ya duba abin da ke kasuwa da tsakar gidansu. Ni na ɗauki maganar da gaske.

Bugun zane ba wani abin ɓoye ba ne. Ana sassaƙa hoto a jikin allon katako, a shafa masa tawada, a ɗora takarda, a murza ta da bayan cokali, a ɗaga. Allo ɗaya sai ya ba da hoto iri ɗaya masu yawa. Wannan yawan shi ya ja ni. Mu mutanen Konduga ne. Da aka shigo mana gari aka sa wuta, mun fito da kayan jikinmu kawai, hotunan gida duk sun ƙone. 'Yan unguwarmu sun watse, wasu suna Bolori, wasu a sansani, mu muna raɓe gidan ƙanwar babana a Maisandari. Wasu kuma har yau babu wanda ya san inda suke. Fuskokin waɗannan na yi niyyar sassaƙawa, yadda uwa za ta samu ɗaya, mata ta samu ɗaya, ɗa ya samu ɗaya. Na bi gida-gida ina tambaya. Wasu sun ce ba sa son hoto, na ba su haƙuri na tafi. Wasu suka zaunar da ni suna kwatanta mini hanci da tsagar fuska da yadda mutum yake karkata hula, ina zanawa, suna cewa a gyara nan, a rage can.

Na kawo maka wannan shiri ofis. Ka duba, ka ce, "Aiki mai kyau ne, 'yata. Ci gaba, sashe yana bayanki." Malam Goni yana wurin.

Na biyu, wahalar da kayan aikin suka ci.

Ina faɗin wannan ne domin an kira su shara. Katakon, wani kafinta a Bolori ne ya tara mini ragowar darbejiya, na goge su da hannuna har suka yi sumul. Wuƙaƙen sassaƙa, maƙeri ya ƙera mini da ƙarfen tsohuwar lema. Baƙar tawada na same ta daga bagaruwa da aka jiƙa da ƙusoshi masu tsatsa. Ja daga karan dafi da ɗan kanwa. Ruwan ƙasa daga lalle. Zoɓo ya yaudare ni, ya yi kyau ranar farko, bayan 'yan kwanaki ya koma kamar ruwan wanki. Wata tukunyar ta yi fumfuna, wata ta yi warin da ƙanwar babana ta ce in zaɓa, ko ni ko tukunyar a gidan. Na ɓata takardar buhun siminti ba adadi ina gwaji kafin in gane yawan ƙaron da zai sa tawada ta kama katako ba ta zurara cikin sassaƙa ba.

Ƙaron nan ma ba a samunsa yadda ake so yanzu. Masu shiga daji su ɗebo shi sun daina, kowa ya san dalili. Ɗan abin da na samu, tsofaffin mata ne suka kwance mini daga ƙullinsu da suka ji abin da zan yi da shi.

Na uku, ƙofar makaranta.

Ranar da na fara shigowa da kayan, masu gadi suka buɗe jakata suka ga kwalba cike da baƙin ruwa da ƙusoshi a ciki, ga wuƙaƙe a naɗe a tsumma. Nan take aka watse. Wani ya daka mini tsawa in ajiye jakar in ja baya in ɗaga hannu. Ɗalibai suka gudu, har da ƙawayena. Aka durƙusar da ni a rana da hijabina, ana kallona daga nesa. Ɗaya ya ce in ba guba ba ce in sha. Na sha zoɓon da ke wata kwalbar, na ce bagaruwar dai ba zan sha ba ko za a kwana a nan. Sai da Malam Goni ya zo aka sake ni.

Ban ga laifinsu ba. A garin nan, a wannan lokaci, mace mai jaka da kwalbar ƙusoshi abin tsoro ce, ni ma da na ga wata haka da na gudu. Abin da na roƙe ka shi ne ka sanar da ofishin tsaro cewa kayan karatu ne. Ka ce gobe. Na dawo, ka ce abin da ya fi sauƙi in bar komai a ɗakin aiki na sashe, ba sai na riƙa wucewa da su ta ƙofa ba. Ranka ya daɗe, shawararka ce. Ni da a gida nake ajiye kayana.

Na bi maganarka. Na jera tukwanen ƙarƙashin tebur na rufe, na rubuta sunana a jikin kowace. Allunan na jingine su a bango. Hotunan da na fara bugawa na rataye su a igiya su bushe.

Na huɗu, abin da ya faru.

Aka ce baƙi masu duba makarantu za su zo. Aka ba da umarni daga ofishinka a share sashe, a fitar da duk abin da zai ba da kunya. Babu wanda ya gaya wa ɗalibai. Ni ranar na makara, an rufe hanyar Maisandari ana bincike, Keke Napep ba ya wucewa, sai da ƙafa na ƙaraso.

Na shiga ɗakin aiki na same shi fes. Babu tukunya, babu allo, babu igiya. An goge injin nan da ba ya aiki, an ɗora masa fulawar roba. Na fito na ga kwata ta yi baƙi da ja tun daga bakin ƙofa har bayan gini. Baba Kaumi mai shara ya ce an ce masa ruwan datti ne ya zubar. Na tambaye shi katakon fa? Ya nuna mini bayan ɗakin taro, inda Ya Hajja mai abinci ta ɗora manyan tukwane tana yi wa baƙi girki. An kai mata allunan a baro, an ce ga itace.

Na isa na tarar an faskara yawancinsu, suna cin wuta a ƙarƙashin shinkafa. Na sa hannu na jawo abin da na iya, har yanzu tabon yana yatsuna. Ya Hajja ta riƙe ni tana salati. Da ta juya guntun da ke hannunta ta ga ido da goshin mutum, sai ta saki, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka tana cewa, "Wallahi ban duba ba, 'yata, ban duba ba." Ita ma ɗanta ya ɓata a shekarun nan. Ni na koma ina ba ta haƙuri.

Cikin waɗanda suka ƙone har da na yayana Modu. Ya fita gona da safe, bai dawo ba, ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba. Allonsa shi na bari a ƙarshe don na fi jin tsoronsa. Na gama sassaƙa shi, ban kai ga bugawa ko sau ɗaya ba, ina jiran baƙar tawada ta nuna. Mahaifiyata ta san ina yinsa. Har yau ban gaya mata ba, ina ce mata hoton bai bushe ba.

Na biyar, abin da ya biyo baya, wanda shi ya sa na ɗauki biro.

Hotunan da ke kan igiya ba a zubar da su ba. An kwashe su an manna a bangon ɗakin taro da ƙusa da salatif, a gefen da rana ke shigowa. 'Yan ajinmu da aka sa yi wa baƙi hidima sun gaya mini ka tsaya a gabansu kana bayani, cewa wannan sabon bincike ne na sashe a kan tawadar gargajiya, baƙin suna ɗaukar hoto suna yabawa. Babu sunana a jiki. Babu wanda ya ce a kira mai aikin, alhali ina bayan ginin a lokacin, hannuna cikin bokitin ruwa.

Da na samu ganinka daga baya, a tsaye, a bakin motarka, na gaya maka duka. Ka ce, "Ayya, kuskure ne. Amma ai katako ne, ki sake sassaƙa wani." Ka rufe ƙofa.

Sai ga sakamako ya fito, an rubuta cewa aikina bai cika ba, domin ban gabatar da alluna da samfurin tawada ba kamar yadda ƙa'ida ta tanada. An ce sai in maimaita shekara. Malam Goni ya yi magana a taron malamai, aka ce masa ƙa'ida ƙa'ida ce.

To ranka ya daɗe, ina tambaya. Allunan da ban gabatar ba, ina suke? Tawadar da ban kawo ba, wa ya sa a zubar? Aikin ya isa a nuna wa baƙi a karɓi yabo, amma bai isa a ba mai shi maki ba? Na juya maganar nan ta kowace fuska ban gane ba. Hotunan kuma suna nan a bangon, ɗakin a kulle, sakatare ya ce makulli yana wurinka. Ina leƙawa ta taga ina ganin jan yana koɗewa. Tun da allunan sun tafi, waɗannan takardun su kaɗai suka rage na fuskokin mutanen nan. Iyalansu suna tare ni a hanya. Wata tsohuwa a Bolori da ta ba ni ƙaronta, duk haɗuwarmu sai ta ce, "Yaya hoton Malam?" Mijinta take nufi.

Ga abin da nake roƙo.

A buɗe ɗakin taro a ba ni hotunana a wannan makon, in cire su da hannuna, don kada a yaga su wurin ɓamɓare salatif. Ba na sashe ba ne, ba ma nawa ba ne, na masu su ne.

A janye sakamakon nan. A duba aikina da hotunan da suka rage da guntayen da na ciro daga wuta, suna nan a wurina, kuma Malam Goni shaida ne a kan kowane mataki. In har sai na sake, a ba ni lokaci a cikin wannan shekarar, ba a mayar da ni baya ba. Iyayena ba su da halin wata shekara, gonar da ake biya mini karatu da ita ba ta shiguwa.

A ba ɗalibai kabad mai makulli a ɗakin aiki, a kuma sanar da ofishin tsaro irin kayan da muke shigowa da su. Akwai 'yan aji na ƙasa da suka fara jiƙa tasu bagaruwar, bai kamata a durƙusar da su a ƙofa ba.

Kada a taɓa Baba Kaumi ko Ya Hajja. Na ji ana raɗe-raɗin za a ɗora musu laifin. Abin da aka ce su yi suka yi. In aka kori ɗayansu saboda wannan takarda, zan sake rubuta wata, kuma ba a allon sanarwa za ta tsaya ba.

Sai na ƙarshe, wanda ba ya buƙatar taro ko sa hannu. Ka kira ni ofis, ka ce in zauna, ka saurare ni har in gama. A ranar nan ka ce mini ai katako ne. Na sake samo katakon, yana gabana a gida, na wasa wuƙa. Na zauna in fitar da Modu, sai na ga bakinsa ya fara kuɓuce mini, na kasa tuna ko ta dama yake murmushi ko ta hagu. Wancan karon na tuna. Wannan nake so ka ji daga bakina, a zaune, ba a bakin mota ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ga waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah ya tsare maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za ka nemi fuskar ɗayansu ka rasa. Allah ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar mana da Borno lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Falmata Bukar,
Ajin ƙarshe, Sashen Zane da Ƙere-ƙere.