Ni na zuga ƙanena ya shiga jarrabawa ba littafi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san na cancanci zagin, amma ba shi na zo nema ba, wanda nake yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ni mutumin Wurno ne, akanta, ina aiki a wani ofis a Rabah. Gidanmu gidan malamai ne tun kakanni. Mahaifinmu, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, bai yarda da ilimin da ba ya cikin kai ba. A zaurensa in kana ba da hadda ka saci kallon takarda, to ka gama zubar da mutuncinka na wannan ranar. Ni kuwa Allah bai ba ni kan hadda ba, na sha bulala har na gode Allah. Ƙanena da ke bi mini, bari in kira shi Sanusi ko da yake ba sunansa ba ne, shi aka ba. Abu sau biyu zai ji ya zauna masa. Ya haddace Alƙur'ani tun ina fama da rabi, shi ke jan tarawihi a masallacin unguwarmu. Bokon da na gudu na fake a ciki ma bai bar mini ba, ya biyo ni ya yi karatun akanta, ya sami aiki a wata ƙungiyar manoman shinkafa a Goronyo. Ina son shi, wallahi ina son shi, amma tun muna yara duk inda aka yabe shi sai in ji kamar ni aka zaga.

Ga wanda bai sani ba, bayan digiri akwai jarrabawar ƙwararru da muke yi mataki-mataki kafin a kira mutum cikakken akanta. A matakin ƙarshe akwai wadda ake barinka ka shiga da littattafanka. Za a ba ka dogon labarin wani kamfani da lissafinsa a hargitse, a ce ka ba masu shi shawara. Yawancin ɗalibai da sun ji an ce da littafi ake shiga sai su miƙe ƙafa, su ce ai wannan kyauta ce. Ni ma haka na ɗauka, sai da na gwada tsofaffin tambayoyi na gane kurena. Amsar ba ta cikin littafin. Littafi ƙa'ida kawai zai tuna maka, kai za ka san wacce ta dace da matsalar kamfanin, kuma lokaci ba ya jiranka. Dole ka yi watanni kana gwaji da agogo a gabanka, ka liƙa ƙananan takardu masu launi a bakin shafuka yadda hannunka zai san inda zai faɗa ba tare da lalube ba. Haka na yi, na rame na yi baƙi, Allah Ya taimake ni na ci.

Ranar da na kai wa Malam sakamakon zaure cike yake da baƙi. Ya sa mini albarka, raina ya yi fari, sai wani cikinsu da ɗansa ke irin karatun ya ce ai ya ji har da littafi ake shiga. Malam ya aje takardar a kan buzu ya dube ni ya ce, “Ashe jarrabawar buɗe littahi ta? To mi anka jarraba? Wagga ko jaki anka aza ma littahin ai shina ci.” Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa, “Ku bari Sanusi shi kai wurin, ku ga yadda masu kai ka yi.” Ni ma na yi dariyar, me zan yi in ba ita ba? Amma har na hau babur na koma Rabah ban san ta inda na bi ba.

Da lokacin Sanusi ya zo, wata Asabar da rana ya taso daga Goronyo ya same ni a ɗakina. Ya ce, “Yaya, wagga jarrabawa ƙaƙa za ni yi mata? Ara man littattahanka in ga yadda kay yi.” Littattafan suna cikin kwali a ƙarƙashin gadon da yake zaune a kai. Na ce masa na bayar da su tuni. Sannan na faɗi maganar da ta hana ni sakat har yau. Na ce, “Kai da Alƙur'ani duka ke cikin kanka za ka shiga da littahi? Mi za ka ce ma Malam? Littahi na irinmu na, masu mantuwa. Kai dai haddace ƙa'idojin, shi ke nan.” Ya sunkuyar da kai yana murmushi, na ga maganar ta yi masa daɗi. Ban ce masa uffan ba game da gwaji da agogo, ban ce masa ba a son ka zuba wa masu jarrabawar abin da ke cikin littafi ba. Me nake nema? Allah Shi ne shaidata, so nake ya faɗi sau ɗaya tak, Malam ya gane abin da na ci ba wasan yara ba ne. Daga nan sai in fito da kwalin in koya masa.

Sanusi ya zauna ya haddace ƙa'idojin nan kamar yadda ya saba. Ya tafi Sakkwato daga shi sai biro da kalkuleta, mutane na shiga da jakunkuna suna kallonsa. Da ya fito ya kira ni da murna ya ce, “Yaya, na zuba masu dud abin da ac cikin littahin, ko harahi bai hwaɗi ba.” Ina jin haka na san ya faɗi, don ya rubuta abin da ba a tambaye shi ba. Na ce masa madalla.

Sakamako ya fito kamar yadda na zata, amma Malam bai ce jarrabawar na da wuya ba. Ko kusa. Cewa ya yi, “Abin da yayanai yac ci, Sanusi shi hwaɗi? A'a. Akwai abin da yat taɓa kan yaron ga.” Aka shiga rubutun sha da tofi da hayaƙi. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne Sanusi ma zai yarda. Shi da bai taɓa faɗuwa komai ba, kuma yayansa da ya ci ya tabbatar masa hadda ce kawai ake buƙata, to me ya rage in ba kansa ne ya sami matsala ba? Da zaman jarrabawa na gaba ya zo sai ya sayi sababbin littattafai a ɓoye, ya sa su cikin buhu don kada Malam ya gani. Ya biyo ta wurina zai wuce Sakkwato, na ga littattafan fes, ko alama ɗaya babu a jikinsu. In na ce ga yadda ake yi, ai zai tambaye ni me ya hana in faɗa tun farko. Na raka shi tasha na yi masa addu'a. A ɗakin jarrabawa ya ƙare lokacinsa yana juya shafuka, ya sake faɗuwa.

Tun daga nan ƙanena bai koma daidai ba. Cikin azumin da ya wuce yana jan tarawihi ya tsaya cak a tsakiyar ayar da ya sani tun yana ƙaramin yaro. Ina sahu na biyu, ina jin numfashinsa ta lasifika. Wani daga baya ya ɗora masa, ya ƙarasa da ƙyar, washegari bai fito ba, kuma har yau bai sake shiga gaba ba. Ya aje aikin Goronyo, wai tsoro yake kada ya ɓata wa bayin Allah lissafi. Yanzu yini yake a ɗaki yana maimaita aya ɗaya, yana buɗe mushafi ya duba ko daidai ya faɗa, ya rufe, ya sake buɗewa. Na gwada ce masa jarrabawar dabara gare ta, ya zo in nuna masa. Ya ce, “Bar lallashina, Yaya. Kai da bakinka kac ce man hadda ta. Kaina na yam mutu.”

Shekaranjiya Malam ya aika aka kira ni. Ya ce an ba shi labarin wani mai maganin masu taɓin hankali can gaba da Giyawa, ana barin mutum a wurinsa har sai ya warke. Na san irin wuraren nan, na san akwai waɗanda ake sa wa mari a ƙafa. Na ce a gwada asibiti, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ya ce da farko Sanusi ya ƙi, har da kuka, daga baya ya yarda da sharaɗi ɗaya. Ya ɗaga murya ya kira shi, Sanusi ya fito da ƙyar ya tsuguna a bakin zaure, ya ce, “In Yaya na zai kai ni, na yarda. Shi ba ya kai ni inda za a cuce ni.”

An sa ranar Asabar mai zuwa. In na faɗi gaskiya, na san Malam, yana iya ɗaga mini hannu ya ce babu ni babu shi har abada, kuma ban sani ba ko Sanusi zai sami sauƙi in ya ji kansa lafiya lau yake, ko kuwa jin cewa ni na yi masa haka ne zai ƙarasa shi. In kuma na yi shiru, ni zan goya shi a babur ɗina in kai shi in baro shi can. Jama'a, ku dubi Allah ku faɗa mini, me zan yi?